Wa ake tambaya kafin a yanke magana a wurin aikinku?

Mai shagon ɗinki, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Teloli bakwai gare ni da yara uku masu koyo. Ƙaramar Sallar bara na yi ta karɓar ɗinki ban tambayi kowa ba, har daren Sallah akwai kaya ba a ko yanka ba, wata baiwar Allah ta zo tana kuka a ƙofar shago. Bana tun kafin azumi na tara su, kowa ya faɗi abin da zai iya ɗinkawa a rana, muka tsayar da 15 ga azumi ranar rufe karɓa. Ƙaramin cikinsu ne ya ce surfani ke cinye mana lokaci, a ware masa mutum biyu. Shekara uku yana ganin haka bai faɗa ba, don ban taɓa tambayarsa ba. Ku fa, yaya kuke yi?

Ma'aikaciyar jinya, Zariya:
Wa alaikumus salam Malam. Wannan na ƙarshen ya taɓa ni. Tsohuwar shugabarmu takan kira taro kan jadawalin aikin dare, alhali takardar na hannunta ta riga ta sa hannu. Ta ce "akwai mai magana?" Wa zai yi? Wadda ta gaje ta sai ta juya tsarin: ƙanana su fara magana, manya su biyo baya, ita ce ta ƙarshe. Kun san halinmu, in babba ya riga ya buɗe baki, kunya ba za ta bar yarinya ta saɓa masa ba. A haka muka gano mai shayarwa ake jera wa dare huɗu, tana haƙuri ba ta ce komai ba.

Malamin firamare, Damagaram:
Mu a Nijar akwai kwamitin kula da harkokin makaranta da aka fi sani da COGES, iyaye da malamai da darakta ne a ciki. Mu malamai benci muke so, amma iyaye mata suka dage a fara gina banɗaki, don rashinsa ne ke sa manyan 'yan mata daina zuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ma'aikacin masana'anta, Jamus:
A nan doka ce ta tanada. Wurin da ke da ma'aikata biyar ma suna iya zaɓen majalisarsu, kuma ba a ƙara lokacin aiki sai da amincewarta. Dokar 1976 ta ba ma'aikata rabin kujerun hukumar sa ido a kamfanin da ya haura mutum 2,000, ko da yake in ƙuri'a ta zo daidai, shugaban hukumar daga ɓangaren masu jari ne ke raba gardama. Da na zo sabo, tsoro na ji da aka tambaye ni ra'ayina kan sauyin aikin dare.

Ɗan kasuwar Kwari:
Ni dai ina da ja. Farashin dala na iya sauyawa tsakanin azahar da la'asar. In tsaya tara yaran shago, kaya sun wuce.

Malamin Islamiyya, Katsina:
Alhaji, maganarka na kan hanya, amma dubi aya ta 159 a Ali Imrana: an umarci Annabi (SAW) ya yi shawara da sahabbai, sannan in ya ƙudura ya dogara ga Allah. A Uhudu ra'ayinsa a zauna cikin Madina, masu son fita suka rinjaya, ya bi su. Da ya sa sulke suka so janyewa, bai yarda ba. Ku zauna da yaranka tun da safe ku tsayar da iyakar da za a saya, in ciniki ya zo kai ka yanke.

Mai shagon ɗinki, Kano:
Hajiya ta Zariya, na ɗauki tsarinku. Taron Babbar Sallah yaran koyo za su fara magana. Sai dai babban telana ya girme ni da shekara goma, ina neman yadda zan faɗa masa ba tare da ya ji an rage masa girma ba.