Soso nawa kuke kashewa in kuna goge fentin mota da hannu?

Mai jar Corolla, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so in ji daga bakin waɗanda suka taɓa yi da hannunsu. Motata ja ce, rana da ƙurar hunturu sun cinye ta, kapo, wato murfin gaban mota, da rufi duk sun yi fari-fari. Na sayo maganin goge fenti, a cikin kwalin soso ɗaya tal suka sa, ɗan zagayayye bai wuce tafin hannu ba. Ba ni da injin gogewa. Wannan ɗayan zai zagaye motar ne ko sai na ƙaro, in ƙari ne guda nawa?

Mai lavaj, Marwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ɗaya kam ba zai kai ka ko'ina ba. Mu nan wurin wanki in mota ta zo fentinta ya mutu irin yadda ka faɗa, shida nake ajiyewa a gefe, wani lokaci har takwas. Kapo shi kaɗai yana cin ɗaya, rufi ɗaya, don su rana ta fi duka, ƙofofi biyu soso ɗaya, sauran na bayan mota da gefen tayoyi. Dalili kuwa abin da kake gogewa ba ɓacewa yake yi ba, cikin soson yake shiga, mataccen fenti da busasshen magani da ƙura duk su toshe ramukansa, daga nan sai ka ga kana ta gumi amma jan datti kawai kake daga wannan ƙofa zuwa waccan. Da ka ga fuskar soson ta yi santsi ta daskare to ya gama aiki, a ɗauko wani.

Direban Kusiri:
Haba maigida takwas fa? wlh ni biyu nake da su kuma Hilux ce guda. Ina aiki da ɗaya, in ya cika in jefa shi a bokitin ruwan sabulu in matse in shanya, kafin na biyun ya cika wancan ya bushe, zafin Kusiri a watan Afirilu ai ba ya jiran kowa. Kuɗin soso takwas gara in zuba gazuwal.

Mai lavaj, Marwa:
Yana yiwuwa direba, ban musa ba, amma kai motarka ce ba mai jiranka. Sai dai ka tabbata ya bushe har ciki, soso mai laima yana tsinka maganin ya rage masa ƙarfi. Ka naɗe shi a tawul ka matsa sosai kafin ka shanya, kuma ba a kan katanga ba inda iska za ta watsa masa yashi.

Tsohon mai fenti, Njamena:
Yaro mai Corolla, kafin ka ƙirga soso fara sanin wane irin fenti ne a jikin motar. Ɗiga maganin kaɗan a farin ƙyalle ka goga a wani lungu. In ƙyallen ya fito ja, to babu verni a sama, wato shafin nan mai sheƙi marar launi da ake fesawa a kan fenti, fentin ne tsirara, irin na tsofaffin motoci da wasu taksin da ake sake fesawa a gareji. Wannan shi ke cin soso, rabin kapo ma ya isa ya rina maka shi, lissafin mai lavaj daidai ne. In kuwa ƙyallen bai ɗauko launi ba akwai verni, uku ko huɗu sun ishe ka.

Amma ga inda nake jan kunne. Vernin da ke zuwa daga kamfani kaurinsa bai fi maikron 40 zuwa 50 ba, ko kaurin takardar rubutu bai kai ba. In farin da kake gani vernin ne ya fara ɓarewa yana tashi a gefe-gefe, ko soso ɗari ka kawo ba abin da zai dawo, ƙara ɓare shi za ka yi, wannan sai fesawa. An sha kawo mini irinsu bayan an gama wahala. Kuma gefen ƙofa da kan layin da ƙarfe ya lanƙwasa a bi a hankali, fenti ya fi siriri a nan.

Maman yara, Ngaundere:
Ni tawa baƙa ce mai verni, ita kuma baƙar mota ba ta rufa wa kowa asiri. Huɗu nake amfani da su na gogewa, biyu daban na shafa waks, na rubuta a bayansu da alƙalamin maka don kar yara su haɗa min. Wanda ya taɓa maganin gogewa ba ya zuwa kusa da waks ko an wanke shi. In na gama sai in wanke su bushe in ƙulle a leda. Wanda ya faɗi ƙasa kuma shi ke nan ya koma na jant, wato ƙarfen tayoyi, jar ƙasarmu ta nan ƙwaya ɗaya ta shiga ciki sai ka ga zane a rana. Baba mai fenti don Allah, zagaye ake gogawa ko a miƙe? kowa da abin da yake faɗa min.

Tsohon mai fenti, Njamena:
Hajiya in soson da tsabta duk ɗaya ne. Ni a miƙe nake yi don in an samu tsautsayi zane miƙaƙƙe bai kai mai zagaye fitowa a ido ba. Ki ɗauki wuri kaɗan, kamar santimita 40 kowane gefe, ki gama ki share da tawul ɗin maikrofiba kafin ki matsa gaba. Da tafin yatsu a shimfiɗe, ba da kan yatsu ba, in ba haka ba tabon yatsun zai fito.

Ɗan gareji, Mora:
Mu dai gsky katifa muke yankawa, tsohuwar katifa guda ta ba ka soso ashirin kyauta, in ya cika a yar. A kan fentin gareji ba matsala. Amma motar Hajiya ba zan sa mata ba, wani soson katifar yana da kaushi kuma ba ka san yashin da ya kwana a ciki ba. In kana shakka goga shi a bayan tsohon faifan CD ka duba a haske, in ya zana faifan to zai zana mota.

Direban Kusiri:
Abin da ba wanda ya faɗa, a wanke motar tas tukuna kuma a shiga inuwa, ƙarfe in ya ɗau zafi maganin a take yake bushewa ya kashe soso tun ba a je ko'ina ba. Ni bayan asuba nake yi. Kuma daga sama ake farawa, ƙasan ƙofofi a ƙarshe da soson da ya riga ya gaji, nan kwalta da laka suke maƙalewa musamman mu masu bin hanyar Waza.

Mai lavaj, Marwa:
Haka ne. Sannan Alhaji tawul ma ka tanadi kamar huɗu, kana ninkawa kana juya gefe. Baƙar robar parshok, wato bamba, da ta bakin gilashi ka manna musu salatif kafin ka fara, maganin in ya taɓa su fari suke yi kuma fitarsa aiki ne.