Yaron da Ke Kwance Kayan Gida: Magazin ko Makaranta?

Alhaji Ɗanladi, Aboabo:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Babban yaron gidana shekararsa 15, ya rubuta jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, kuma malamansa sun shaida cewa yana da ƙoƙari a lissafi. Tun da ya kalli fim ɗin nan na Iron Man na 2008 wanda Tony Stark ya ƙera rigar ƙarfe a cikin kogo, babu abin da ya tsira a gidan. Ya kwance rediyon kakarsa, ya kwance fanka. A watan jiya da aka ɗauke wuta na same shi tsugune a bayan ƙofa, ya jera batiran tsohuwar kwamfuta a kan tiren shayi, ya naɗe su da salatif, ga kwan fitila yana ci, ƙannensa suna cin tuwo a haskensa. Yanzu ya kafe cewa shi Magazin na Suwame, unguwar makanikai da masu walda a nan Kumasi ta Ghana, zai tafi ya koyi aiki, mahaifiyarsa kuwa ta ce sai sakandare. Tambayata biyu ce: wanne ya fi wa yaro mai irin wannan ƙwaƙwalwa, kuma nawa ake biya yanzu idan za a kai yaro wurin masta?

Hajiya Ladi, Sabon Zango:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Nawa yaron gyaran waya na kai shi a Adum, na biya sidi 1,500, kuma yau shi ne ke sayen gas ɗin gidan. Ku kai shi gyaran waya, hankalinku ya kwanta.

Malam Isa, Asawase:
Alhaji, ni malamin makaranta ne, kuma nakan tattauna waɗannan finafinai da ɗalibaina. Abin da yara ke riƙewa shi ne kogo da guduma, amma labarin da kansa ya ce Stark ya gama jami'ar MIT ta Amurka yana ɗan shekara 17, kuma kamfanin makamai ya gada daga mahaifinsa; kayan da ya yi aikin kogon da su ma daga makaman kamfanin nasa aka cire su. Shuri ta ƙasar Wakanda a fim ɗin Black Panther 'yar sarki ce, da ɗakin bincikenta cike da na'urori. Ko MacGyver na shirin talabijin, wanda manyanmu suka sani da 'yar wuƙar aljihu, an nuna cewa ya yi karatun kimiyya. Masu shirya fim sukan dunƙule wahalar shekara goma a minti uku suna kaɗa kiɗa. Tun 2017 sakandaren gwamnati kyauta ce, har da makarantun fasaha, kuma ga jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST nan a cikin garinmu tun 1952 da aka buɗe ta a matsayin kwalejin fasaha. Ku bar shi ya yi makarantar fasaha, ya riƙa zuwa Magazin lokacin hutu.

Tanko, Tafo:
Baba Alhaji, don Allah ku saurare ni, domin ni ne yaron nan naku shekara ashirin da suka wuce. Da gwangwanin madara da robar silifa nake ƙera motoci, har da fitilu masu kamawa, unguwa kowa yana cewa an haifi injiniya. Aka cire ni daga makaranta aka kai ni wani gareji. Shekara biyu na farko ban riƙe sufana da sunan aiki ba, sai wankin noti a cikin baƙin mai, da sayo wa masta wake da shinkafa, da ɗebo wa matarsa ruwa. A shekara ta huɗu na haɗa injin niƙa barkono da tsohon injin fanfo, na kwana uku ina walda har idanuna suka kumbura, mahaifiyata tana ɗiga mini ruwan sanyi. Masta ya sayar wa wata mai gidan abinci, ya ce aikin shagonsa ne, ya miƙo mini kuɗin mota. Da na yi magana sai ya ce in kawo kuɗin yaye ko in bar masa wuri, na fita babu takarda. Yau ina gyara abin da masu digiri suka kasa, amma idan aka kawo zane mai lissafi sai in nemi yaro ya karanta mini, kuma wannan kunyar ba ta barin mutum. Kada ku bari a yi wa ɗanku haka.

Usman Mai Walda, Suwame:
Ɗan'uwa Tanko, Allah ya saka maka, amma masta ɗaya bai isa a yi wa dubban mutane kuɗin goro ba. Yara bakwai ne a hannuna, kuma babu wanda na taɓa aika gidana. Hajiya, 1,500 tsohon zance ne. Ƙasa da 4,000 ban san wanda zai karɓi yaro ba, ban da akwatin kayan aiki. Malam Isa kuma, da girmamawa, wanda hannunsa bai taɓa ƙonewa ba bai kamata ya yanke hukunci a kan sana'ar ƙarfe ba.

Garba, Sawaba:
Ƙanena a bara sidi 800 da katan ɗin lemo kawai aka karɓa, domin mastan abokin mahaifinmu ne. Ina kuma roƙon Alhaji, idan yaron ya gama rigar ƙarfen, a sa sunana a farkon masu aro, ko na huta da cunkoson shataletalen Suwame da safe.

Malam Isa, Asawase:
Malam Usman, ban raina sana'arku ba, amma ni ne nake ganin yaran kafin su iso gare ku. Ku dubi William Kamkwamba na Malawi, wanda ba tatsuniya ba ne: rashin kuɗin makaranta ya zaunar da shi a gida, ya ƙera injin iska mai ba da wuta da tarkacen keke da bututun roba, amma a littafin da ya aro daga laburare ya ga hanyar. Daga baya ya koma karatu har ya gama jami'a a Amurka a 2014.

Usman Mai Walda, Suwame:
Malam, ai misalinku ni ya goya wa baya, tunda injin ne ya kai shi jami'a, ba jami'a ce ta kai shi ga injin ba.

Tanko, Tafo:
Ko da takarda ko babu, wa zai sayi abin da yaron ya ƙera? Na yi injin ɓare masara mai ƙarko, wani ɗan kasuwa ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da zobensa, ya tambaye ni ko na waje ne. Da na ce ni na yi, sai ya rage rabin kuɗin da ya fara tayawa.

Hajiya Ladi, Sabon Zango:
Wannan gaskiya ce, Tanko. Ga motocin Kantanka ana haɗa su a ƙasar nan, amma mu tambayi kanmu sau nawa muke ganinsu a titi. Tsohuwar motar da aka gama morewa a Turai ita ce abin alfaharinmu.

Alhaji Ɗanladi, Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Sai dai har yanzu ban ji wanda ya gwada haɗa biyun ba, wato makaranta da zuwa wurin masta a hutu. Shin mastoci suna yarda da haka, kuma nawa suke karɓa?

Usman Mai Walda, Suwame:
Hajiya, ba mota kaɗai ba. A makon jiya wata mata ta kawo mini injin markaɗe na waje karo na uku a wata shida, na nuna mata nawa da na ƙera yana aiki a gabanta, ta ce in dai gyara mata nata.