Neman shawara: ina ya fi dacewa mu yi jinyar Inna a Yamai?

Tambaya

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jinyar tsofaffi a nan Yamai. Mahaifiyarmu, wadda ta haura shekara 70, ta samu shanyewar ɓarin jiki sakamakon hawan jini tana Tahoua, aka fara kwantar da ita a can, daga baya muka taho da ita Yamai domin a yi mata hoton kai. Yanzu likita ya ce za a sallame ta, abin da ya rage shi ne doguwar jinya. Ba ta iya juyawa da kanta, maganarta ba ta fita sosai, kuma tana yawan ƙwarewa idan ana ba ta ruwa. Ni ma'aikaciya ce, ina fita da safe sai bayan la'asar, yayyena biyu suna Abijan kuma su ke aiko da kuɗi, ƙanwata tana Tahoua da ƙananan yara.

Na duba kilinik biyu masu zaman kansu da suka yarda su riƙe ta na wasu watanni. Ta farko sabon gini ce, ɗaki da kilim (na'urar sanyaya ɗaki) da gado na zamani, kuɗinta ya kusa ninka na ta biyu, amma da na tambayi yawan ma'aikatan da ke kwana sai aka riƙa kewaye-kewaye. Ta biyu tsohon gida ne aka gyara, fanka kaɗai gare su, sai dai majo ɗin, wato shugaban ma'aikatan jinyarsu, ya faɗa mani kai tsaye cewa ma'aikatan jinya biyu ke kwana, likita kuma ana kiransa ta waya. Hanya ta uku ita ce in kawo ta gidana a Bukoki mu ɗauki mai jinya. Yayyena sun fi son kilinik ta farko saboda hotunan da na aika musu, kawunmu kuma ya ce abin kunya ne a ji mun kai uwarmu wani wuri mun ajiye. Me ya kamata in duba kafin in yanke shawara?

Amsar wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya

Wa alaikumus salam, ƴata. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Mai shanyewar jiki da ba ta iya juyawa, hannun da zai juya ta shi ne maganinta na farko, domin dole ne a sauya mata kwanciya kusan kowace awa biyu, dare da rana. Idan aka bar ta a gefe ɗaya, fatar ƙugu da ta gindin baya da ta diddige takan fara yin ja ko duhu, sannan ta fashe ta zama gyambon kwanciya, kuma a jikin tsoho wannan gyambo yana iya ɗaukar watanni bai warke ba, wani lokaci ma ya kai har ƙashi. Saboda haka tambayar da kika yi game da masu kwana ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma wurin da ya kasa ba ki amsa a sarari ni ban yarda da shi ba, kome kyan bangonsa.

Amma kada ki tsaya ga abin da majo ya faɗa miki. Ki koma kilinik ɗin duka biyu ba tare da kin sanar ba, bayan sallar isha'i ko da asuba, ki ƙirga ma'aikatan da idonki, ki kuma ƙirga gadajen da ke da mutane. Mutum biyu ga majinyata kaɗan masu iya tashi da ƙafarsu sun wadatar, amma mutum biyu ga ɗakuna cike da waɗanda sai an ɗaga su ba za su iya ba, ko da suna da niyya. Ki bambanta tsakanin ma'aikacin jinya mai diploma ta gwamnati, da mataimaki, da ɗalibin da ya zo koyon aiki, domin duka farar riga suke sawa, kuma akwai wuraren da ɗalibai ne kaɗai ke riƙe dare. Ki saurari hancinki ma: warin fitsari da ya zauna a ɗaki yana nuna cewa ba a sauya shimfiɗa da kunzugu a kan kari. Ki nemi a nuna miki takardar da suke rubuta awon jini da lokutan magani na kowace rana. Sannan ki zauna da masu jinyar da kika tarar a tsakar gida, su ne za su gaya miki ko ana amsa kira da ƙarfe uku na dare.

Batun ƙwarewar nan ya fi damuna. Bayan shanyewar jiki haɗiya takan samu matsala, ruwa ko kunu ya zarce hanyar numfashi, ya jawo ciwon huhu, kuma wannan yana cikin abubuwan da ke kashe irin waɗannan majinyata. Kada a ba ta kome tana kwance. A zaunar da ita sosai, a ba ta kaɗan-kaɗan da cokali, a bar ta a zaune kamar rabin awa bayan ta gama. Ki gaya wa likita kafin sallama domin ya duba haɗiyar, shi zai ce ko kunu mai kauri ya ishe ta ko sai an sa mata robar abinci ta hanci. Duk inda za ki kai ta, ki tambayi wanda zai riƙa ba ta abincin, domin a yawancin asibitocinmu wannan aikin na dangi ne, ko da an biya kuɗin ɗaki.

Amsar wani da ya yi jinyar mahaifinsa a Harobanda

Hajiya ta faɗi gaskiya, musamman maganarta ta ƙarshe. Ƙanwata, kada ki ɗauka cewa kwantar da Inna a kilinik zai sauke miki nauyin samun mai zama da ita; za ki biya ɗaki, sannan ki sake neman wanda zai kwana. Shi ya sa mu muka zaɓi gida. Mun ɗauki mace mai tsayuwa da rana, muka yi yarjejeniya da wani ma'aikacin jinya yana zuwa duba tansiyo (awon hawan jini) da wanke rauni, dare kuma muka raba tsakaninmu. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne kada ki ɗora dare da rana a kan mutum ɗaya, domin ba wanda zai iya, kuma mai jinyar da ta gaji barci za ta yi. Tun daga 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne a wata, kuma aikin ɗaga tsoho da wanke shi ya fi ƙarfin wannan kuɗin, don haka ki biya ta da kyau, ki ba ta ranar hutu, ku rubuta abin da kuka yarda a kai a gaban shaida.

Ki kuma yi lissafi da yayyenki na wata shida, kada ku tsaya ga watan farko. Kulawar kyauta da aka fara a 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa, tsofaffi ba sa ciki. Amma tun watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocinta, ragin kuwa bai shafi kilinik masu zaman kansu ba. Idan Inna tana gida, za ki iya riƙa kai ta Babban Asibitin Ƙasa ko asibitin Lamorde ko babban asibitin da aka buɗe a 2016 domin bibiya, kuɗin da za ki zuba a ɗaki mai kilim kuma ya tafi ga magani da kunzugu da katifa mai kyau. In kuwa kilinik kika zaɓa, ki tambaya ko suna da gurup (injin ba da wuta) mai aiki, domin a watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, kuma tsohon da ba ya iya neman ruwa da bakinsa jikinsa kan bushe ba a lura ba.

Amsar wani malamin makarantar allo

Baiwar Allah, game da maganar kawunku, a girmama shi, a zauna da shi, a nuna masa halin da ƴar'uwarsa take ciki. Abin da addini ya ɗora muku shi ne kyautata wa mahaifiya, kuma ɗaukar mai taimako ko kwantar da ita inda za a kula da ita yana cikin kyautatawa matuƙar ba ku ɗauke ƙafa ba. Abin zargi shi ne a biya kuɗi a juya baya. Ki tabbatar mace ce ke yi mata wanka da tsarki, a kuma riƙa tuna mata lokacin salla, ta yi ta yadda jikinta ya iya.

Amsar wata ƴar Tahoua

Ni dai a ganina a mayar da ita gida Tahoua. Can take da ƙawayenta da jikokinta da maƙwabtan da za su riƙa shigowa gaisuwa, kuma tsohuwar da aka raba da mutanenta takan karaya ta daina cin abinci. Akwai asibitin jiha, ga kuma asibitin Galmi idan buƙata ta taso. A Yamai, idan kin tafi aiki, da wa za ta yi hira?

Amsar wani mai aikin motsa jikin majinyata

Yaya, maganar kaɗaici gaskiya ce, amma ban goyi bayan a tafi da ita yanzu ba. Daga Yamai zuwa Tahoua ya kai kilomita 550, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, kuma wuni guda a mota ga wadda ba ta iya juyawa kuma take ƙwarewa haɗari ne da za a iya jinkirtawa. Bayan haka, mafi yawan ƙarfin da ke dawowa bayan shanyewar jiki yana dawowa ne a watanni uku zuwa shida na farko, kuma a wannan lokacin ne motsa jiki ya fi amfani. Idan aka bar hannu da ƙafa ba motsi, gaɓoɓi sukan ƙage, kafaɗa ta riƙa ciwo, daga baya ko zaunar da ita ya zama wahala.

Saboda haka ga mai tambaya: ki ƙara wannan cikin abin da za ki tambayi kilinik ɗin biyu, wato ko suna da kine (mai aikin motsa jikin majinyata) nasu, sau nawa yake ganin majinyaci a mako, da kuma ko kuɗinsa yana cikin kuɗin ɗaki. Idan gida kika zaɓa, ki nemi wanda zai riƙa zuwa, ki sa ya koya wa mai jinyar da ke kanki yadda ake lanƙwasa gaɓoɓi da miƙe su a hankali, da yadda ake tallafe hannun da ya shanye da matashi, kuma kada kowa ya ja ta ta wannan hannun idan za a ɗaga ta. Maganin hawan jini kada a tsayar da shi don an ga awo ya sauka, sai da izinin likita. Idan kuka ga bakinta ya ƙara karkacewa, ko maganar ta ƙara rikicewa, ko zazzaɓi da tari sun taso bayan cin abinci, a kai ta sashen gaggawa nan take ba tare da jiran wayewar gari ba. Batun komawa Tahoua kuma a sake duba shi tare da likitanta idan ta fara zama da kanta.