Riƙon amanar injiniya: a aji ake koyonsa ko a gida?

Alhaji na Agege: Ni a ganina ɓata lokaci ne a zaunar da ɗan shekara ashirin a jami'a ana koya masa amana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda bai taso da tsoron Allah ba, ko COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ta ba shi hatimi, sai ya rage siminti.

Baban Yusuf: Allah ya ƙara girma Alhaji, a nan kam ban bi ka ba. Ka tuna benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard, Ikoyi, nan Legas, ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum sama da 40? Injiniyoyin da suka fara kula da ƙarfin ginin sun rubuta takardar janye hannu tun Fabrairun 2020. Yaushe za ka ƙi sa hannu, wa za ka rubuta wa, yaya za ka ajiye kwafi, wannan ilimi ne. Uwa ba ta koyar da shi, komai tarbiyyarta.

Maman Amira: Amma Injiniya, sun janye, gini ya ci gaba da tashi, leburori suka mutu a ƙarƙashinsa. Idan za a koyar, a koya wa yara kai ƙara LASBCA, hukumar kula da gine-gine ta Jihar Legas, su kuma tsaya a kai.

Ɗaliba daga Akoka: Iyayena, ku ba ni dama. Muna da kwas a kan injiniya da al'umma, amma hadda ce, a rubuta jarrabawa a manta. Lokacin SIWES, wato koyon aiki da ake tura ɗalibai su yi a wurin aiki, na gani da idona: zane ya ce rodi mai milimita 16, aka ɗaure mai 12, ana ta tuttula wa kankare ruwa don ya yi saurin zuba. Na san ba daidai ba ne. To wanda zan faɗa wa shi ke sa hannu a littafina na koyon aikin. Wallahi har yau abin na damuna.

Alhaji na Agege: To kun ji. 'Yata ta sani, ƙarfin hali ne ya gaza. Wane malami ne zai ba ta shi?

Baban Yusuf: Malamin da zai kawo rahoton Ita-Faji, a tsibirin Legas, na 2019, inda gini ya rufta da 'yan makaranta, ya ce wa kowane ɗalibi: kai ne injiniyan, mai gini ya ce ka sa hannu ko ka bar aikin, me za ka yi? Wanda ya saba cewa a'a a aji, bakinsa ba zai yi nauyi a gaban ɗan kwangila ba.

Alhaji na Agege: A aji ba kuɗin haya a wuyansa, Injiniya. Ku fara sama wa wanda aka kora don ya faɗi gaskiya wani aikin, sannan in yarda.