'Yan Rijiya sun ƙi mutuwa a hannuna, a taimaka

Ɗan Caji:
Assalamu alaikum. Wata shida ke nan ina rubuta wani labari a waya, da daddare bayan na rufe shagon cajin da nake tsaro a ƙauyenmu, kusa da Ringim. Labarin wata daula ce mai mulkin duniyoyi bakwai a sararin samaniya. A ɗaya daga ciki, wadda ba a ruwan sama ko ɗigo, aka yi wani makanikin injin tace ruwa da ya ce an yi masa magana daga cikin rijiya. Na sa wa mabiyansa suna 'Yan Rijiya.

Tashinsu bai ba ni wahala ba, don na ga irinsa da idona. Wata bazara famfon sola ɗaya ya rage yana aiki a garinmu, kuma mutumin da ke riƙe da makullin sai da ya fi mai unguwa faɗa a ji. Har rikicin aure ake kai masa a gindin tanki.

Faɗuwar ce ta tsaya mini a wuya. Na yi babi uku inda jiragen sarki suka zo suka ragargaje su a dare ɗaya. Ƙanwata ta karanta, ta miƙo mini wayar ta ce, "Yaya, a nan dai gajiya ka yi." Kuma gaskiyarta. Ta yaya irin wannan ƙungiya ke rushewa har mai karatu ya yarda?

Tsohon Malami, Kazaure:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ƙanwarka ta fi ka ido. Na daɗe ina koyar da tarihi kafin na yi ritaya, bari in ba ka ƙungiya ɗaya ka zauna da ita.

Muwahhidun na Maroko. Ibn Tumart ya tara Barbar na duwatsun Atlas, ya ce shi ne Mahadi, ya rasu a 1130 bai ci babban birni ba. Manyan almajiransa suka ɓoye mutuwarsa kusan shekara uku, suna ba da umarni da sunansa. Ka tsaya a nan ka yi tunani: mutum nawa suka san sirrin, kuma wane irin kallo suke yi wa juna a wajen sallah? Abdul Mumin, wanda ya gaje shi, ya ci Marrakesh a 1147, sannan ya mayar da mulkin gadon gidansa, alhali shi ba ma ɗan ƙabilar malamin ba ne. Tsofaffin almajirai suka haɗiye, amma ba su manta ba. A 1212 aka karya rundunarsu a Andalus. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na wajen 1229: halifansu da kansa, Ma'amun, ya fito fili ya ce Ibn Tumart ba Mahadi ba ne, ya sa aka cire sunansa daga huɗuba da kuɗi. Banu Marin, waɗanda suka karɓe mulki daga hannunsu, ba su shiga Marrakesh ba sai 1269, sun tarar gara ta riga ta cinye ginshiƙin.

Saboda haka ka kashe makanikin naka da wuri, a babi na biyar ma. Jiragen sarki su zo daga ƙarshe kamar ungulu.

Uwar Biyu, Birnin Kudu:
Baba ya yi maganar tarihi, ni kimiyya nake koyarwa, kuma akwai makamin da kake da shi ba ka taɓa ba: nisa. Babu saƙon da ke wuce gudun haske. Daga nan zuwa duniyar Mas, saƙon rediyo yana ɗaukar minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda kowacce take. Tauraro mafi kusa da ranarmu kuwa, Proxima Centauri, haskensa sai ya yi fiye da shekara 4 a hanya. To in duniyoyinka bakwai kowacce da tauraronta, umarnin shugaba zai isa wani wurin bayan an daɗe da binne shi. Wata duniyar tana yi masa addu'ar lafiya, wata ta naɗa magaji, wata ta riga ta kafirta magajin. Ba ka buƙatar maci amana ko ɗaya, kowa da gaskiyarsa zai ɓalle.

Ina da tambaya, ƙanena. Shi mai makullin famfon garinku, yaya ya ƙare?

Mai Shayi:
Ni ban yarda a raina ƙarfi ba. Mahadin Sudan ya ci Kartum a 1885, ya rasu a shekarar, halifansa Abdullahi ya riƙe har 1898, kuma a safiya ɗaya bindigogin Turawan Ingila suka gama da rundunarsa a Karari. Sai dai daular ce ta faɗi, Ansaru, wato mabiyan Mahadin, suna nan. Sadiƙul Mahadi, daga zuriyarsa, sau biyu yana yin firaminista. Ka bar wata tsohuwa tana zuba wa rijiyar turare a ɓoye.

Sannan ka kiyaye, kada tufafinsu ko wuridinsu ya yi kama da na kowa a ƙasar nan. Ka san mutanenmu.

Ɗan Caji:
Na gode, Baba, na gode duka. Mai Shayi, na ji, shuɗin kayan makanikai suke sawa.

Anti, kin ba ni dariya ni kaɗai a shago. Ba wanda ya kore shi. An haƙa burtsatse na biyu a bayan makaranta, ba ƙofa ba makulli, cikin mako biyu layin jarkoki ya koma can. Har yau yana yawo da makullin a aljihu, wani lokaci a nan yake cajin wayarsa. Ban taɓa haɗa shi da labarin ta wannan gefen ba.

Na goge babi ukun. Yanzu makanikin yana kwance a ɗakin sanyi na tashar ruwa, almajirai huɗu ne suka sani, kuma a can wata duniyar wata yarinya ta gano yadda ake narka ƙanƙarar da ke ƙarƙashin ƙasa. Baba, a cikin huɗun nan wa ya kamata ya fara tona asirin, babban almajiri ko matar mamacin?