Neman shawara: ta yaya zan haɗa Wazuh da Zabbix?

Ɗan Tudun Jukun:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Ni ke kula da kwamfutocin wani asibiti mai zaman kansa a nan Zariya, babban reshe a Sabon Gari, ƙarami a Samaru. Mun daɗe da Zabbix. Shi ke duba mana sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayananmu, da rauta mai raba intanet, da layin intanet ɗin kansa, idan wani abu ya tsaya kuma ya turo saƙo ta Telegram. Kwanan baya masu asibitin suka ce a ƙara tsaro saboda bayanan marasa lafiya, sai na girka Wazuh, manhajar da ke sa ido kan kutse, na sa ejan ɗinsa, wato ƙaramar manhajar da ke kai masa rahoto, a sabobi da kwamfutocin ofis.

To yanzu allo ya zama biyu, mu kuma mu biyu ne kacal, ni da wani ɗan bautar ƙasa. Allon Wazuh ba a buɗe shi sai an tuna. So nake duk abin da Wazuh ya hango ya shigo Zabbix, ya bi Telegram ɗin da muka saba. Ta ina zan fara? Allah ya saka da alheri.

Injiniya na Kongo:
Wa alaikumus salam. Kafin mu ce komai, wane Zabbix ne a hannunka, 6.0 ko 7.0? Kuma su biyun a saba ɗaya suke zaune?

Ɗan Tudun Jukun:
Zabbix 6.0 ne, ranka ya daɗe. Wazuh kuma cikin jerin 4. Kowanne da sabarsa, amma duk a ɗaki ɗaya a Sabon Gari.

Injiniya na Kongo:
Madalla. Abin yana yiwuwa, kuma ba shi da wuya. Amma kalmar nan taka ta "duk" ita ce ban yarda da ita ba, ƙanena.

Wazuh yana ba kowace faɗakarwa mataki, daga 0 zuwa 15, kuma yadda yake zuwa, daga mataki na 3 zuwa sama yake rubutawa. Nas ta yi kuskuren kalmar sirri da safe, faɗakarwa. Kai da kanka ka shiga saba ka yi sudo don ɗaukar ikon mai gudanarwa, faɗakarwa. An sabunta manhaja wani fayil ya canja, doka ta 550 cikin dokokin da Wazuh ke gano abu da su ta tashi a mataki na 7. Ka buɗe allon ka ga yawan abin da ya taru jiya kaɗai. Idan ka juye wannan duka a Telegram, kafin Juma'a kai da yaronka kun kashe ƙarar guruf ɗin, kuma a cikinsa ne saƙon "sabar bayanai ta mutu" yake shigowa. Ka ga an yi asarar biyu ke nan.

Sannan aikinsu ba iri ɗaya ba ne. Zabbix kamar mai kula da janareta yake: ko yana aiki ko ya tsaya, idan ya tashi magana ta ƙare. Wazuh kuwa maigadi ne da ya ce maka ya ga wani ya leƙo ta katanga ƙarfe biyun dare. Wannan ba ya "warkewa", sai wani ya je ya duba. Duk wahalar haɗin nan a wannan bambancin take.

Ga yadda ake yi. A fayil ɗin ossec.conf na manajan Wazuh, wato sabar da ke karɓar rahoton ejan-ejan, akwai sashen da ake kira integration. Ka ba shi suna da ya fara da custom-, misali custom-zabbix, ka ce tsarin saƙon json ne, ka sa matakin da kake so a fara turowa daga kansa. Sai ka rubuta ɗan sikirif, wato gajeren shirin umarni, mai wannan sunan daidai, ka ajiye a /var/ossec/integrations/, mallakar root da rukunin wazuh, izini 750. Ka sake tayar da wazuh-manager. Duk faɗakarwar da ta kai matakin, Wazuh zai kira sikirif ɗin ya miƙa masa hanyar wani fayil da ke ɗauke da ita. Aikin sikirif ɗin shi ne ya tsamo abu huɗu ko biyar, wato lambar doka, mataki, bayanin doka, sunan kwamfutar da adireshin da aka fito, ya tura da zabbix_sender zuwa ƙofa ta 10051 a sabar Zabbix. A can kuma ka ƙirƙiri ma'auni irin wanda suke kira trapper, wanda ba ya fita nema, jira yake a kawo masa. Da 7.0 kake, da sai in ce akwai history.push a API ɗinsu da ke yin wannan ba tare da zabbix_sender ba, amma a 6.0 babu shi.

Ni shawarata ka fara daga mataki na 12. Shi ne ma matakin da Wazuh kansa ya zaɓa don tura imel. Sai ka ƙara sashe na biyu mai 'yan dokoki da ka zaɓa da hannu, irin 5712 da 5763 na masu ta gwada kalmar sirri ta SSH, hanyar shiga saba daga nesa, da 60204 na yawan gazawar shiga a Windows. Waɗannan mataki na 10 ne, ba za su wuce ta sashen farko ba. Kar ka haɗa mataki da lambar doka a sashe ɗaya, don sai faɗakarwa ta cika sharuɗɗan biyu kafin ta fita.

Mai Linux na PZ:
Injiniya, da girmamawa, me ya kai mu rubuta sikirif? Wazuh yana zuba komai a /var/ossec/logs/alerts/alerts.json. A sa ejan na Zabbix a sabar, a ba shi ma'aunin log ya riƙa karanta fayil ɗin, a tace da JSONPath. Shi ke nan, babu abin da zai lalace ran da aka sabunta Python, yaren da ake rubuta sikirif ɗin da shi.

Injiniya na Kongo:
Hanya ce, kuma tana aiki. Abin da ya sa ban so ta ba: kafin Zabbix ya iya karanta fayil ɗin, yawanci sai an sa shi cikin rukunin wazuh, rukunin nan kuwa yana karanta client.keys, inda makullan duk ejan-ejan suke. Ka buɗe ƙofa babba don ɗan abu. Kuma ejan na Zabbix layi 20 yake turawa a daƙiƙa idan ba ka taɓa saitin ba, ran da aka yi maka ruwan hari sai ya riƙa binka a baya. Maganar Python kuma, Wazuh da nasa yake zuwa a cikin /var/ossec/framework, a yi amfani da shi.

Mai Linux na PZ:
Batun client.keys na karɓa. Amma ana iya ba shi izinin fayil ɗin kaɗai da setfacl.

Injiniya na Kongo:
Ana iya, sai dai ka tuna fayil ɗin kullum da tsakar dare ake naɗe shi a buɗe sabo. Ka tabbata izinin yana bin sabon.

Hajiya mai lab, Samaru:
Salamu alaikum. Ni zan yi magana a kan abin da ba a taɓo ba tukuna, wato abin da zai faru bayan saƙon ya shiga Zabbix. Malam mai tambaya, idan ka yi tiriga ta yau da kullum, wato sharaɗin da ke sa Zabbix ya buɗe matsala, ɗaya daga biyu zai same ka. Ko dai matsalar farko ta tsaya ja a allo, duk waɗanda suka biyo baya su shige ƙarƙashinta shiru, ko kuma ta rufe kanta kafin ka idar da sallar asuba, ka zo ka tarar da allo kore kamar ba a yi komai ba.

Ga waɗanda suka kai mataki na 12, ka saita tirigar ta haifar da sabuwar matsala ga kowane saƙo, ka hana ta rufe kanta, ka kunna damar rufewa da hannu. Wanda ya rufe ya rubuta abin da ya gani, ko layi ɗaya ne. Ga na mataki na 10 kuwa, irin masu ƙwanƙwasa SSH, ka haɗa da nodata, mai lura da ko saƙo ya daina zuwa, ta yadda idan an yi shiru na minti goma ko sha biyar za ta sauka da kanta. Zabbix matakai shida gare shi, Wazuh yana da ninkinsu har da ƙari, kar ka wahalar da kanka wajen jera su ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun ishe ka: wanda zai tashe ka daga barci, da wanda zai jira ka zo ofis.

Wani abu kuma, tunda asibiti ne. Kar ka tura filin full_log, inda cikakken rubutun abin da ya faru yake, zuwa Telegram. A cikinsa sunan ma'aikaci kan fito, wani lokaci har da sunan fayil, mu kuwa mun san yadda ake sa wa fayil suna a asibitocinmu, sunan mara lafiya ne da na gwajin da aka yi masa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗauki bayanan lafiya a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma idan aka samu ɓaraka mai haɗari ga masu bayanan, awa 72 ta bayar a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, daga lokacin da aka sani. Saboda haka rubutun nan na wanda ya rufe matsala, da lokacin da ya rufe, wata rana shi za a nema. Telegram ya ce maka "je ka duba", cikakken bayani ya zauna a Wazuh.

Ɗan Tudun Jukun:
Hajiya na gode ƙwarai. Wallahi batun sunan fayil ɗin nan haka yake a wurinmu.

Ɗalibi daga Gyallesu:
Manya, ku yi haƙuri da ƙaramin baki. Na karanta cewa Wazuh yana iya toshe adireshin maharin da kansa da firewall-drop. Me zai hana a kunna kawai kowa ya huta?

Mai Linux na PZ:
Zai huta, har ran da ma'aikacin Samaru ya manta kalmar sirri, aka toshe adireshin reshen gaba ɗaya ana tsakiyar ganin marasa lafiya. A kunna, amma bayan an sa adireshin rassa da na sabar Zabbix a jerin waɗanda ba a taɓawa. Wannan zancen wata rana ne.

Tunda na dawo, Malam, ga abin da nake tsoro a sikirif. Abin da ke cikin faɗakarwa, wani ɓangarensa maharin ne ya rubuta. Sunan da ya gwada shiga da shi ta SSH, shi ya zaɓa, yana iya cusa alamomin umarni a ciki. Idan ka manna shi cikin layin umarni ka miƙa wa shel, mai gudanar da umarni a saba, ka ba maharin dama ya gudanar da abin da yake so a kan sabar tsaronka. A Python ka kira subprocess da jerin kalmomi daban-daban, ban da shell=True. Sannan a ma'aunin trapper akwai gurbin da ake rubuta adireshin da aka yarda ya turo, ka sa na manajan Wazuh kaɗai. Ka ƙara PSK, makullin sirri da sabobin biyu za su riƙe, a tsakaninsu, ba ya cin minti biyar.

Baba na Kwangila:
Yara kun yi ƙoƙari. Saura wuta. Duk wanda ke aikin nan a garin nan ya san rabin abin da ke tashinmu ba ɓarawo ba ne, batirin inbata ne ya sauka ko layi ya yanke. Idan Samaru ta yanke, Zabbix zai ce rauta ta faɗi, ya ce kwamfutoci sun faɗi, Wazuh ma ya biyo da doka ta 504 cewa ejan ya katse, kowace kwamfuta da tata. Kar ka turo 504 ko kusa, Zabbix ya riga ya faɗa maka. A Zabbix ɗin ma ka jingina tirigogin kwamfutocin reshe a kan ta rauta, saƙo ɗaya ya zo maimakon ashirin. In da hali ka ajiye furoksi na Zabbix, wato wakilin babbar sabar, a Samaru ya riƙe bayanai har layi ya dawo. Awa ɗaya yake riƙewa idan ba ka ƙara ba, ka ƙara.

Abin da ya fi damuna shi ne kowa na maganar Wazuh ya yi wa Zabbix magana, babu mai maganar wa zai duba Wazuh. Ran da ya mutu shiru za ka ji, ka ɗauka lafiya ce. Ka sa Zabbix ya riƙa ƙirga wazuh-analysisd da wazuh-integratord da proc.num, ya duba ƙofa ta 1514 da ejan ke shigowa ta ita, ya duba faifai. Ma'ajiyar bincikensa a kan OpenSearch aka gina ta, idan faifai ya kai kashi 95 cikin ɗari sai ta daina karɓar rubutu. Ka sa gargaɗi tun a 80. Kuma ka daidaita agogon sabobin biyu da chrony, don bayan an yi ta ɗauke wuta agogo kan zame, ka zo haɗa labari ka ga an buɗe ƙofa kafin a ƙwanƙwasa.

Idan intanet ɗin Sabon Gari ne ya tafi fa? Telegram ya tafi da shi. Zabbix yana iya tura tes ta modem mai layin waya da aka jona a jikin sabar. Ka tanadi wannan don manyan matsaloli kaɗai.

Ɗan Tudun Jukun:
Allah ya ƙara girma Baba. Na fara gwadawa yanzu. Na kira zabbix_sender da hannu daga sabar Wazuh, ya amsa min da processed: 0, failed: 1. Ƙofar a buɗe take, na duba.

Injiniya na Kongo:
Tunda ya amsa, saƙon ya isa, Zabbix ne ya ƙi karɓa. Duba sunan da ka ba shi bayan -s, dole ya zama ainihin sunan hos, wato sunan da aka yi wa kwamfutar rajista da shi a Zabbix, ba sunan da ake nunawa a allo ba, kuma babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinsa. Duba makullin bayan -k. Duba ko ma'aunin na rubutu ne, don idan na lamba ne ka tura masa jimla ba zai zauna ba. Idan kuma yanzu ka ƙirƙire shi, ba shi minti ɗaya, a 6.0 sai bayan daƙiƙa 60 sabar ke sake karanta saitinta.

Ɗan Tudun Jukun:
Sunan ne. A Zabbix da babban W yake. Yanzu ya ce processed: 1, kuma na ga saƙon a allo. Amma da na gwada kuskuren kalmar sirri ta SSH sau da yawa daga wata kwamfuta, Wazuh ya nuna 5763, Zabbix bai ga komai ba.

Injiniya na Kongo:
To saura tsakanin Wazuh da sikirif. Buɗe /var/ossec/logs/ossec.log ka nemi layukan integratord. Galibi ko izinin fayil ne, ko sunan da ke ossec.conf bai yi daidai da na fayil ba, misali ɗaya yana da .py ɗaya babu. Ka tuna kuma sikirif ɗin ba da sunan root yake gudana ba, don haka ka rubuta cikakkiyar hanyar zabbix_sender, kuma fayil ɗin PSK ya zama wazuh na iya karanta shi. Turo mana layukan bayan Magariba, amma ka goge adireshi da sunayen kwamfutoci kafin ka manna.

Hajiya mai lab, Samaru:
Kafin nan, Malam, ku zauna da masu asibitin a rubuta wa za a kira idan mataki na 12 ya tashi da dare kai kuma wayarka na kashe. Zabbix yana iya tura wa mutum na biyu idan ba a amsa matsala ba bayan ɗan lokaci, amma sai an ba shi lamba. Ɗan bautar ƙasan naka yaushe zai gama?

Ɗan Tudun Jukun:
Saura masa 'yan watanni, Hajiya. Zan kai maganar wurin manaja gobe in sha Allahu. Injiniya, layukan na nan tafe bayan sallah.