Abin da magoya bayan Packers suka tsayar kafin karawa da Bears

Da aka tattauna makomar Green Bay Packers a farkon kakar ƙwallon Amurka ta NFL, yawancin masu magana sun ce kada a ruɗu da sakamakon makonnin farko. Wasa 17 kowace ƙungiya ke bugawa a kaka, kuma rauni kaɗai kan juya kaka.

Inda aka fi daɗewa shi ne wasan Chicago Bears, abokan hamayya tun 1921. Dukansu suna rukuni ɗaya na NFL, wato NFC ta Arewa, suna haɗuwa sau biyu a shekara. Idan ƙungiyoyi biyu na rukuni ɗaya suka yi kunnen doki a ƙarshe, sakamakon karawarsu ake fara dubawa, sannan na wasannin rukuni. Saboda haka nasara a nan ta fi nauyi.

Shawara ga kocin Packers Matt LaFleur: a tsare Jordan Love, mai jefa ƙwallo, a yawaita gudu da ita, a matsa wa Caleb Williams, mai jefa ƙwallon Bears, lamba tun da wuri. Wasu sun dogara da sanyin Lambeau, filin wasan Packers. Ni dai ban gamsu ba, ai 'yan Chicago ma sun saba da sanyi.